Baƙin Allo a Kan Dutse

Jiya da la'asar ina zaune a bakin shagona nan Batsari, ina jin ku a rumfar mai cajin waya kuna ta cika baki, wai buɗe shafin intanet yanzu bai kai shan ruwa wuya ba. Wannan mai askin kamar tukkun zakara har yana rantsuwa, wai shi da wayarsa kafin shayi ya huce ya gama wa mutum shafi. Amma tunda yau kun kwaso ƙafa kun zo da kanku kuna cewa, "Baba Rabe, koya mana abin nan da kake yi a baƙin allo," ku zauna ku ji, don kallon kitse kuke wa rogo.

Abin da kuke yi da waya fenti ne. Ku ɗauko hoto ku manna, ku zaɓi launi, ku tura wa abokai su ce kun iya. Shafin kuwa ba a wayarku yake zaune ba. Yana cikin wata kwamfuta da ake kira saba, a wata ƙasa mai nisa, ba a kashe ta dare da rana, kuma ni da na tsufa a kanta ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Haya ake kamawa a cikinta. Aikina shi ne in shiga wannan kwamfutar daga inda nake zaune, ta wata hanya da ake ce wa SSH, wadda ke lulluɓe duk abin da na rubuta yadda ko wani ya tare shi a hanya ba zai gane komai ba. Babu hoto, babu abin dannawa. Allo ne baƙi wuluk da ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yana jiran ka rubuta umarni. Abin da ka rubuta shi za ta yi. Ba ta tambayarka ko ka tabbata.

Aikin farko da na yi a wannan sana'a shara ce. A Katsina na koya, a kafen kwamfutar wani mutum, Malam Bulus, Bahaushe Kirista ɗan wani ƙauye na ƙasar Safana, wanda ya baro garma ya kama kwamfuta tun lokacin da mutane ke tsoron taɓa ta. Na share shago, na zuba wa janareta mai, na buga wa mutane takardun neman aiki har yatsuna suka san wurin kowane harafi ba tare da na duba ba. Sai da damina ta zagayo kafin ya bar ni na zauna a kujerarsa. Ranar kuwa, abin da ya fara yi shi ne ya cire maus, ɗan abin dannawar nan, ya jefa a aljihun rigarsa.

Na ce, "Oga, da me zan yi aikin?"

Ya ce, "Da kanka. In ba ka zo da shi ba, koma gida ka ɗauko."

Mu biyu ne a hannunsa, ni da wani Halliru, mai saurin hannu irin naku. Wata rana Oga ya sa shi ya share wasu tsofaffin hotuna a shafin wani dillalin taki. Halliru ya rubuta umarnin yana hira da wata mai sayar da awara ta taga, yatsansa ya ƙara fili guda tsakanin haruffa a inda bai kamata ba. Fili guda, abin da ido ma ba ya kamawa. Saba ta share hotunan, ta share shafin, ta share duk abin da dillalin ya tara. A can babu kwandon shara da za ka koma ka tono. Oga Bulus bai ɗaga murya ba. Ya dawo da kayan daga kwafin da yake ajiyewa, sannan ya dubi Halliru ya ce ya ga alama awara ta fi karɓarsa. Yanzu haka Halliru na sayar da gilashin waya a tasha, kuma ina jin ya fi samun barci.

A wurin Oga na koyi abin da har gobe nake ci da shi. Ka karanta umarni kafin ka danna, kamar yadda mai harbi ke duba abin da ke bayan nama. In za ka taɓa ƙofar shiga, kada ka fita ta wadda kake ciki sai ka buɗe wata ka ga ta buɗu, in ba haka ba ka kulle kanka a waje, kuma babu katangar da za ka haura. Kada ka yi yawo a cikin saba da sunan babban mai iko sai dole. Sannan makulli. Ba na ƙarfe ba, rubutu ne mai tsawo da kwamfuta ke ƙerawa gida biyu: rabi ka ajiye a saba, rabi ya zauna a na'urarka, kai ma ka ɗaure shi da kalmar sirri. Sai biyun sun haɗu ƙofa ke buɗewa. Rabin da ke hannunka ko matarka ba ta gani. Ku kuwa na ga yadda kuke yi, ku rubuta kalmar sirri ku tura wa juna a waya kamar gayyatar suna.

Kuna tsammani ba wanda ya damu da ɗan shafin wani a Batsari. Ranar da na fara buɗe wurin da saba ke ajiye labarin masu ƙwanƙwasa mata ƙofa, sai da na gyara zama. Daga ƙasashen da ban san sunansu ba, na'urori ne ke ta gwada kalma bayan kalma, ba gajiya, ba sallah, ba cin abinci. Ba ruwansu da ko kai wane ne. Tsaga suke nema, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da na dawo gida na buɗe nawa shagon, kayan aikina ba su da kyan gani. Laftof mai kauri kamar allon makaranta, batirin mota, layin kowane kamfanin waya, da gora doguwa da nake ɗaure waya a kanta in ɗaga sama neman sabis. Masu kawo aiki kuwa, Allah ya ba su lafiya. Akwai wani Alhaji mai sayen gyaɗa daga Karare, da na yi wa ƙungiyarsu shafi, ya zo har shago ya ce lallai sai na nuna masa injin da ya kama haya. Na ce yana ƙasar waje. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya leƙa bayan labule, ya ce shi bai taɓa jin an yi hayar ɗakin da ba a ga ƙofarsa ba. Akwai mai neman kansila da kullum ƙorafinsa guda, hotonsa ya yi ƙanƙanta. Kusan dukkansu, ka ce su zaɓi kalmar sirri, sunan ɗan fari za su ba ka. Kuma ba mai tunawa da kai sai ranar da abu ya tsaya.

Sai shekarar nan da ɓarayin daji suka hana kowa sakat, hukuma ta katse layukan waya a duk yankinmu. Kuna nan, amma abin da kuka rasa hira ce da kallon ƙwallo. Ni sana'ata aka yanke wa maƙogwaro. An rufe kasuwar mako, mai ya yi wuya, babur ya zama abin zargi. In aiki ya taso sai in rungumi laftof in shiga motar Katsina, kowa a ciki yana addu'a har mu ga gari, in zauna a barandar wani in yi abin da zan yi in juyo kafin rana ta yi sanyi.

Aikin da zan ba ku labari na Hajiya Murja ne, mai makarantar 'yan mata a Safana. Mace ce mai tsayuwa a kan abinta, ita ta bi gida-gida tana roƙon iyaye har makarantar ta cika. Ni na yi mata shafi, na kulle shi da makulli kaɗai. Kafin a katse layi, ƙaninta Bishir, mai shagon waya, ya matsa mata lamba wai shi ma yana son ya riƙa sa hotuna daga wayarsa, makulli wahala ne, a buɗe masa hanyar kalmar sirri. Na ce kada a yi. Ta ce, "Malam Rabe, yaron nan ya san waya ƙwarai." Mai kaya ya fi mai riƙo, na buɗe masa. Kalmar da ya zaɓa sunan makarantar ne.

Wata safiya sai ga Hajiya a ƙofar shagona, ta sauko daga bayan motar hatsi, mayafinta duk ƙaiƙayi. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta miƙo mini waya. Wayar ta uban wata ɗaliba ce, yana aiki a Kaduna, ya buɗe shafin makarantar a can don ya duba ranar komawa hutu, ya ɗauki hoton abin da ya gani ya taho da shi gida. A ƙarƙashin sunan makarantar, tallan caca ne da hotunan mata tsirara. A nan ba mai iya buɗe shafin, amma labari ba ya bukatar sabis. Ya riga ya zaga Safana, har an ƙara masa gishiri, wai hotunan ɗaliban ne. Iyaye sun ce ranar Juma'a za su kwashe 'ya'yansu.

Ta ce, "In suka fita, Malam Rabe, ba wata makarantar za a kai su ba. Ka san haka."

Na ce zan tafi Katsina. Na je tasha na tarar ba direban da ya yarda ya tashi, don an tare hanya jiyan, kuma ba wanda ya san ranar da za su koma aiki. Abin da ya rage dutse ne. A gabas da gari, kusa da wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, akwai wani dutse da ake cewa in ka hau ƙololuwarsa ɗan sabis na tsallakowa daga wajen Katsina. Kowa ya san da shi, kowa kuma ya san duk wanda aka gani a can da waya infoma ake ɗaukarsa. Hajiya ta sauka a gidan 'yar uwarta a nan Batsari. Washegari da hantsi na ɗaure gora a keke na tafi.

Sanda guda ce ta sabis, tana zuwa tana ɓacewa. Kira ba ya shiga, hoto ba ya buɗewa. Da waɗannan kayan fentin naku ne, da sai dai ku zauna ku yi kuka. Amma baƙin allo rubutu kawai yake aikawa, ko ta kafar allura zai bi. Na kafa gora a tsagar dutse, na lulluɓe kaina da laftof da rawani saboda hasken rana, na shiga. In danna harafi, in jira, sannan ya fito. Na fara buɗe wani zama a cikin saba wanda ko layi ya yanke aikin da na sa zai ci gaba shi kaɗai. Sannan na bi sawu. Ta ƙofar Bishir masu kutse suka shigo. Sun dasa nasu makullin a cikin waɗanda aka yarda da su, don ko an canza kalma su dawo. Sun kuma bar wani ɗan aiki da ke farkawa lokaci-lokaci ya mayar da ƙazantar in an share. Wanda bai sani ba zai goge hotuna ya sauko yana murna, kafin ya kai gida sun dawo. Na cire makullinsu, na toshe hanyar kalmar sirri, na tsayar da ɗan aikin nan, na sa saba ta fara dawo da shafin daga tsabtataccen kwafi.

Sai na ji bakin bindiga a ƙeyata.

"Kada ka motsa."

'Yan sa-kai ne na ƙauyen, da bindigogin toka da adduna. Ba a daɗe ba da aka shiga garinsu aka kashe musu mutane, kuma sun tabbata wani ne ya nuna hanya. Babbansu wani dattijo ne siriri da suke kira Baushe. Ya yaye rawanin ya dubi allon.

Ya ce, "Tun ɗazu munka hange ka. Da wa kake magana?"

Na ce, "Baba, da inji nake magana."

"Injin yana ina?"

"Ƙasar Turawa."

Ba wanda ya yi dariya. Sai wani matashi a cikinsu, sa'arku, wanda ya ɗan taɓa sakandare, ya tsuguna ya ce a bar shi ya karanta. To, umarnin da ake rubutawa a tsayar da aikin da ke gudana a saba, kalmar Turanci ce da ke nufin kashewa, kuma a gabanta ana sa lambar aikin. Tana nan a allon, ban daɗe da rubuta ta ba. Duk cikin rubutun nan ita kaɗai ya gane. Ya miƙe yana nuna allon.

"Ga shi nan! Ya rubuta a kashe! Har da lamba ya ba su!"

Kun ga irin sanin da nake tsoro ke nan. Wanda bai iya komai ba yakan tsaya ya yi tambaya. Mai kalma guda shi ke sa a binne mutum. Kafin in buɗe baki wani ya kai mini gindin bindiga a kunnen hagu, na ji kamar an fasa tulu a cikin kaina. Suka ɗaure ni da rawanina, suka gangaro da ni, wani na jan laftof kamar mushe. A gindin tsamiya a bakin gari suka zaunar da ni, mutane suka taru. Wata mata da aka kashe wa miji tana ta cewa mi ake jira.

Baushe ya sa aka matsa. Ya ce, "Kai ɗan wane ne?"

Na faɗi sunan mahaifina, mai gyaran rediyo a kasuwar Batsari. Ya ce ya san shi, ya taɓa gyara masa akwatin rediyo, amma infoma ma da ubansa. Na ce to a aika gida kaza a Batsari a kira Hajiya mai makaranta, ta zo da wayar da ke hannunta. In ta ce ba ta san ni ba, su yi abin da suka ga dama. Sai ya tura mutum a kekena.

Na yi azahar a ɗaure, jini ya bushe a wuyana. Can sai ga Hajiya Murja a bayan wani babur da ban san inda ta samo shi ba. Ta durƙusa ta gaida Baushe yadda ya kamata, ta tambayi gida da jama'a, ta yi musu ta'aziyya, ba ta ko dubi inda nake ba sai da ta gama. Sannan ta ce, "Baba, ni na sa shi. In akwai laifi nawa ne." Ta miƙa masa wayar. Ya duba, ya kawar da kai yana neman tsari. Wani daga cikin masu bindiga ya ce ɗiyar wansa a makarantar take, kuma shi ma ya ji zancen.

Baushe ya ce, "Tau. A maida shi bisa dutsen. In abin ga ya ɓace mun ga gaskiyarsa. In yana nan, Hajiya, ki juya ki tafi gida."

Aka kwance ni, muka hau gaba ɗaya. Allon laftof ya tsage daga kusurwa, batir ya kusa ƙarewa. Na shiga, na tarar duk lokacin da nake ɗaure a gindin tsamiya saba tana can tana aikin da na bar mata, har ta gama. Amma su ba rubutu za su gani su yarda ba. Aka ɗaura wayar uban nan a gora aka kira shafin. Nan take ƙazantar ta fito, ɓaro-ɓaro. Na ji an ɗana kunamar bindiga a bayana.

Na ce, "Baba, ka lura da saurin da ya fito. A nan wurin ko gaisuwa ba ta shiga da wannan saurin. Tsohon ne da wayar ta haddace. A bar ni in goge mata, a sake kira."

Matashin nan ya ce dabara ce. Baushe ya ce masa ya yi shiru, karatunsa ya isa na yau. Na goge, aka sake kira, aka mayar da gora sama. Muka zauna muna kallon farin allo, rana na dukanmu. Sabis ya tafi, ya dawo. Da aka sauke gorar, sunan makarantar ya fito. Aka mayar. Aka sake saukewa, ga rabin hoton ƙofar makarantar, koriya, da 'yan mata a layi cikin hijabi. Baushe ya karɓa ya kai kusa da idonsa, ya miƙa wa wanda ɗiyar wansa ke makarantar, shi ma ya duba ya gyaɗa kai. Da hannunsa dattijon ya miƙo mini rawanina. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma jira ba. Ya ce dai kada in sake hawa dutsen nan, don waɗanda za su same ni gaba ba lallai su tambayi sunan ubana ba.

Ranar Juma'a Hajiya ta tara iyaye a Safana, uban nan da kansa ya tashi ya yi bayani. Wasu kaɗan sun cire 'ya'yansu duk da haka, akasari suka bari. Kunnena na hagu kuwa daga ranar bai sake ji ba, shi ya sa kuke ganin ina karkato kai in kuna magana.

Bayan an dawo da layi Hajiya ta biyo ta shago, da kyautar man gyaɗa da godiya mai yawa. Ta zauna a wannan bencin da kuke kai, ta buɗe shafin a wayarta, ta ja sama ta ja ƙasa, ta ɗan ɓata fuska.

Ta ce, "To ai yadda yake a da ɗin nan ne, Malam Rabe. Na ɗauka tunda ka sha wannan wahala za ka ɗan ƙara masa kyau. Ko launi ba ka canza ba."

Na gyara zama, na juya mata kunnen hagu.